Bijimin da Na Sallama wa Mai Murya

Ni dai na yi lakwal har aji uku, na ukun ma sau biyu na yi shi don in tabbatar. Saboda haka duk wanda zai ce jahilci ne ya kai ni ga abin da ya same ni, ya fara kawo tasa takardar mu gwada.

Da na bar dakon siminti a Malbaza, ƙirji cike da tari, baya ya lanƙwashe, ɗan abin da na koma gida da shi na zuba shi a maraƙi, ja mai farin goshi. Shi ne ya girma ya zama bijimina. Shekaru munka yi tare. Ya ja amalanke, ya kai taki gona, da damana ya yi huɗa. In na yi tari da safe daga ɗaki, sai ya amsa daga turke. Maƙwabta sunka ce tsofaffin gidan nan sun fi kowa zumunci.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai kai ba, harawa ba ta kai ba, gwiwoyina kuma sunka ce su sun ajiye aiki. Na duba rumbu, na duba tarin kara bisa rumfa, na san ba za mu kai sabon ruwa mu biyu ba. Sai sayarwa. Amma kasuwar Badaguishiri ban yarda da ita ba, don na san inda manyan shanu ke nufa daga can: a loda su babbar mota, a nufi iyakar ƙasa da su, ƙarshen tafiyar wuƙa. Ni manomi nake so, wanda zai ɗaura masa amalanke, in gaya masa ba ya son a taɓa masa kunnen hagu.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, mahauci ne tun kakanni. Kullum in zai wuce sai ya leƙo ta bisa darni.

“Bawana, wagga cinya ta ishe ni kasuwa biyu. Yaushe zan aiko?”

“Kawar da idonka,” in ji ni. “Ranar da ka taɓa shi, kai zan ɗaura wa amalanken. Wuyanka ya ma fi dacewa.”

Sai ya yi dariya ya wuce.

Ɗiyata da ke aure Konni ita ta zo da dabara. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ta ba ni waya irin mai shafawa, ta sa ni cikin wani guruf da ake gwanjon bisashe. Ka sa hoto, mutane su yi ta tayawa, ranar da anka yanke ta cika, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Ta ce, “Baba, nan kai ne da sharaɗinka. Ka faɗi wanda kake so.” Na sa rigata ta Juma'a na tsaya kusa da bijimin ta ɗauke mu. Shi ya fi ni kyau a hoton, ban musa ba. Ta koya mini inda ake dannawa a yi bokal, wato a aika murya, na gyara zama na ce, “Jama'a, na aiki ne, ba na tukunya ba. Wanda ba shi da gona ya yi haƙuri.”

A nan na ga irin mutanen da Allah ya halitta bayan namu zamanin. Wani ya taya da ƙarfi, da yamma ya dawo ya ce ɗansa ne ya danna. Wani ya ce a nuna masa haƙora. Na buɗe bakin bijimi na nuna. Ya ce a nuna tafiya. Na zagaya da shi gida ina ɗingishi. Ya ce a nuna yana fitsari. Na tsaya cikin rana ina jira kamar jandarma a shinge, har Allah ya kawo, na aika. Ya turo mini hoton babban yatsa, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Sai mai murya ya shigo. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, hoton masallaci ne a wayarsa. Murya mai sanyi, ta mutumin da anka yi wa tarbiyya. “Baba Alhaji,” in ji shi, ni da ko garin Tawa sau biyu na je, balle Makka. Ya ce shi manomi ne daga wajen Illela, nasa san ya mutu bara, gonar gado na nema ta fi ƙarfinsa. Bai nemi ganin haƙora ba. Abin da ya tambaya shi ne, “Baba, mi ya fi so, dussa ko kowar wake? Don kada ya yi baƙunta wurina.” Na saurari wannan bokal har na haddace. Na kai wayar kunnen bijimi shi ma ya ji.

Ranar rufewa shi ne a sama. Na danna, na ce, “Na sallama. Allah ya sa albarka.” Mutanen guruf sunka yi ta amin.

Yaran yanzu ba su san nauyin wannan kalma ba, bari in faɗa musu. A kasuwar da na tashi na gani, in mai dabba ya ce ya sallama a gaban mutane, dabba ta bar hannunsa ke nan, ko ba a ƙirga ko dala ba. In ta kwana gidanka, amana ce ta kwana. Ba ka sake sa mata kuɗi, ba ka sauraron wani tayi, ko da ninki anka kawo. Mai saye ne kaɗai ke iya kwance ka, ya buɗe baki ya ce ya fasa. Haka na ga babana ya yi, haka na yi duk rayuwata, ban kuwa taɓa kwana da kunyar ciniki ba.

Ya ce zai zo bayan Juma'a. Na wanke bijimi, na share turke. Bai zo ba. Ya ce motar da zai shigo ta lalace. Sannan anka yi musu rasuwa, na yi masa ta'aziyya har da addu'a mai tsawo. Sannan ya ce yana bisa hanya. Na fitar da tabarma ƙofar gida na zauna har magariba. Wannan hanya tasa ban san ta inda ta bi ba, ni da na san Illela da ƙafa.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Harawa ta ƙare, munka koma kara. Kara ya ƙare, na fara zare na darni ina saransa ƙanana.

Cikin haka wani mutum ya yi sallama, daga wani ƙauye na cikin fadamar Badaguishiri. Labari ya ji wurin masu amalanke. Tafin hannunsa kawai na duba na san manomi ne. Ya zo da igiyarsa a kafaɗa. Ya shiga turke, ya tsaya ta dama, ya shafa doron bijimi, bijimi ya sunkuyar masa da kai. Wallahi shi ne mutumin da na roƙi Allah.

Na ce, “Malam, ka makara. Ba nawa ba ne.”

“To ina mai shi?”

“Shina bisa hanya.”

Ya dubi haƙarƙarin da ya fara fitowa, ya dube ni. Shi ma ɗan tsohuwar kasuwa ne, bai ja ba. Ya sha ruwa, ya ce Allah ya kawo shi lafiya, ya tafi da igiyarsa.

Da Uwata ta ji, a ranar ta hau mota ta zo. Ko mayafi ba ta ajiye ba.

“Baba, mi ka yi haka? A guruf kowa tayawa yake! Wasu don a ga sunansu ne kawai. In mutum bai zo ba, a ba na bayansa. Haka kowa ke yi.”

“Na sallama gaban shaidu, Uwata.”

“Waɗanne shaidu? Wa ka sani cikinsu?”

“Sun fi na kasuwa yawa, ke kika faɗa mini.”

“To sun manta! Tumaki suke tayawa yanzu. Kai kaɗai ka rage.”

Ta yi kuka, ta bar mini buhun dussa rabi, ta koma. Ban ce ba ta da gaskiya ba. Amma bakina ne ya faɗa, kuma ban san yadda ake mai da irin wannan magana ciki ba. Ba a koya mini ba.

Sai na koma roƙo. Na daina tambayarsa yaushe zai zo. Na ce, “Ɗana, ba fushi nake ba. In abin bai samu ba, ka ce ka fasa. Kalma ɗaya ce, ba ta da tsada.” Uwata ta nuna mini alamar da ke nuna an saurara. Yana saurara. Bai amsa ba. Na yi wa shugaban guruf magana, ya ce shi haɗa mutane kawai yake yi, ya kuma cire mai muryar daga guruf, wai hukunci ke nan. A kasuwa da dillali ya kamo shi ta wuyan riga ya kawo shi gabana. Nan kuwa cire shin da anka yi ya ƙara nisanta shi ne. Daga baya lambar ma ta daina shiga.

Da bazara ta yi tsanani, na aika a nemo mini manomin fadama, don na ga abin ya wuce maganar kunyata. Anka ce ya riga ya sayi wani.

Wata safiya na fito na tarar da bijimi kwance. Munka taru mu huɗu da itace munka ɗaga shi, ya tsaya kaɗan, ƙafafun baya sunka lanƙwashe. Kwana biyu muna haka. Maƙwabcina ya ja ni gefe ya ce in na ƙara jira, mushe zan ja zuwa bayan gari.

Ban aika wa taubashina ba, shi ya zo da kansa. Ya tsaya bakin turke ya daɗe. Tun muna yara ban taɓa ganinsa ya shigo gidana bai zage ni ba.

Ya ce, “Yaya, tashi ka tafi gona.”

Na ce, “Ba kome a gonar.”

“Na sani. Tafi dai.”

Na ɗauki sandata. Na zauna ƙarƙashin gawon da ke tsakiyar gona har rana ta karkata. Da na dawo an share turken, an zuba sabon rairayi. Ya hana a shigo mini da ko tsoka ɗaya, yaransa sunka kai komi wani ƙauye sunka sayar can.

Da Uwata ta zo na ce ta sanar da mutanen guruf, tunda gabansu anka fara. Ta sa hoton nan namu, ni da rigar Juma'a, ta rubuta ƙarƙashi cewa bijimin ba ya nan, an yanka shi. Muna zaune wayar ta yi ƙara. Ta duba, ta kife ta bisa tabarma. Na ce ta karanta mini.

Wani ne bai tsaya karanta rubutun ba. Ya ga hoto, ya taya.