Rakiyar da ta tsaya a bakin zaure

Ni da abokina tela mun daɗe muna ɓata wa matanmu rai da rakiya. Gidana yana cikin lungunan Ƙofar Sauri, nasa yana tsallaken titi, tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba. In na je wurinsa bayan la'asar na tashi tafiya, sai ya zura takalmi ya ce bari ya taka mini. Takawar nan ba ta ƙarewa sai a ƙofar gidana. To ni kuma yaya zan bar mutum ya koma shi kaɗai? Sai in juya in raka shi. Akwai ranar da muka yi sawu huɗu, kiran sallar magariba ne ya raba mu. Marigayiya matata takan ce wata rana sai mun raka juna har Maraɗi.

Daga baya aka faɗaɗa titin, aka raba shi biyu da kankare mai kai wa mutum ƙugu, aka haƙa lambatu a kowane gefe aka bar shi buɗe. Mai mota ya ji daɗi, ɗan acaɓa ya samu filin gudu. Mai tafiya a ƙasa kuwa ba a ma tuna Allah ya halicce shi ba. In zan tsallaka sai na tattare babbar riga, na jira, na yi ɗan gudu, na haye kankaren nan da gemuna fari fat. Duk da haka ina zuwa, don tun da matata ta rasu, yara kuma suka watse garuruwan aiki, abokin nan kaɗai ya rage mini wanda zan yi wa magana ya gane tun ban ƙarasa ba.

Sai rakiya ta fara raguwa. Wata rana ya tsaya a bakin titi ya ce yana da ɗinki. Wani zuwan ya tsaya a bakin lungu. Na uku ko takalmi bai nema ba, ya dafa ƙofar zaure ya ce, "To Malam, a sauka lahiya."

Ni mutum ne mai zuciya, ba na ɓoyewa. A wurinmu tsawon rakiya shi ke nuna matsayinka, wanda aka sallama daga bakin zaure kuwa an gaji da shi. Na dawo gida ina huci. Na ce zumunta a ƙafa take, kuma shi ma ai yana da ƙafa. Na daina zuwa, na zauna jiran sallamarsa. Lambarsa tana cikin wayata, amma mai fushi ba ya fara kira. Damina ta shigo ta fita. La'asar ta zama lokacin da na fi ƙi a duniya. Nakan fito da kujera ƙofar gida in kalli bakin lungu, in wani ya tambaya in ce iska nake sha.

Ana nan sai wani tsohon ɗalibina na firamare, wanda yanzu shi ma ya fara furfura, ya zo da magana. Ya ce su mutanen unguwa sun shirya zagaye a ƙasa duk safiyar Asabar. Suna bi da ɗalibai da baƙi lungu-lungu, a nuna musu tsofaffin rijiyoyi da inda ganuwa ta bi, a kuma rubuta duk inda lambatu ya buɗe baki ko mai shago ya cinye hanya, don a kai kuka a nemi wurin tsallakawa. Suna son dattijo wanda ya san unguwa. Na karɓa da sauri har na ji kunya. Ba kishin gari ba ne, kaɗaici ne ya ishe ni.

Asabar ta uku aka ce yau za mu tsallaka, kowa ya ji a jikinsa. Muka jeru a bakin titi, magidanta biyu suka shiga gaba suna ɗaga wa motoci hannu, aka kama ni aka hayar da ni kankaren. Ni na zaɓi hanyar da za a bi, kuma da gangan na karkata da jama'a ta lungun abokina. So nake ya gan ni a gaba, mutane na biye da ni suna rubuta abin da na faɗa, ya san ban rasa abokan tafiya ba.

Muka tarar da kwaɗo a ƙofarsa. Maƙwabcinsa mai injin niƙa ya fito yana kakkaɓe gari.

"Malam, kai ne yau? Ai babban ɗan nashi ya zo ya ɗauke shi, yana can Batagarawa tun kahin a yanke gero."

Na ce, "Lahiya dai?"

"Ashe ba ka sani ba? Idanun ne suka tahi. An daɗe ana hwama, shi ya hana a hwaɗi."

Jama'a suna tsaye a bayana suna jiran in ba su tarihin gidan. Na ce wa ɗalibina su ci gaba, ƙafata ce ke ciwo.

Washegari na hau Napep zuwa Batagarawa. Gidan ɗan nasa sabo ne, da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba zaure, ba dakali. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, fuskarsa tana kallon bango. Ina yin sallama ya ɗago, ya yi dariya.

"Ƙaramin malami! Ka tuna da mu?"

Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ciwon gwiwata. Ban iya riƙewa ba, na ce, "Mi ya hana ka gaya mani?"

Ya shafa bakin tabarma.

"Tela ya ce ba ya ganin ramin allura? Ai kunya. Da titin nan yana yadda yake a da, da na lallaɓa a haka ba ka gane ba." Ya numfasa. "Da za a taho da ni, sau biyu ina hitowa in yi maka bankwana. In laluba bango har bakin titi, in tsaya. Ƙara kawai nike ji ta kowane gehe. Na kasa cewa wani ya kama mani hannu, sai in koma gida. Ka yahe mani, Malam."

Shi ne yake neman gafarata. Na zauna ina kallon hannuwansa. Na ce masa, "Ni ma ban zo ba. Kuma ni idanuna ƙalau."