Igiya ta Uku a Rigar Babana

Shekara biyar ke nan da rasuwar babana. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, yanzu ina da sha shida, ina karatun sakandare a nan Germantown, jihar Maryland. Ni ba mai yawan magana ba ce. Malamaina sun gaji da rubuto wa Mama cewa na san amsa amma ba na ɗaga hannu. Shi ya sa da Mama ta ce bana ni ce zan rubuta wani abu a kan Baba a aika wa jarida a gida, na ji sauƙi, domin ya fi mini da a ce in tashi a coci in yi jawabi. Ta ce in rubuta da Hausa, za ta gyara mini inda na yi tuntuɓe.

Baba saje ne a ofishin sherif na wata gunduma da ke da ɗan nisa da mu. Da hotonsa ya isa Kafanchan, dangi sun ɗauka soja ya shiga. Ba soja ba ne. Sherif mutum ne da jama'ar gunduma suke zaɓa da ƙuri'a, jami'ansa kuma su ne ke tsaron kotu, su kai sammaci, su ɗauko fursunoni daga gidan yari zuwa gaban alƙali, su mayar da su. Baba ya koya mini muƙaman ne da matakalar gidanmu. Taki na ƙasa shi ne jami'in da ba shi da igiya. Na biyu kofur, mai igiya biyu. Na uku saje, mai igiya uku. Daga nan laftanar, sai kyaftin, sai mataimakin sherif, sai shi sherif ɗin a can sama inda fitila take. Ni kuwa ina son hawa bibbiyu. Duk ranar da na yi, sai ya riƙo ni ta jakar makaranta ya ce, “Ladi, ba a tsallake. Umarni ɗaya-ɗaya yake saukowa, magana ɗaya-ɗaya take hawa.”

Rigunansa na aiki biyar ne, masu ruwan ƙasa. Ranar Lahadi da yamma Mama take goge su, ni kuma in rataye. Na san wadda aljihunta ya sha tawada, na san wadda aka sake wa maɓalli da wanda bai yi daidai da sauran ba. A kowane hannu akwai igiya uku a ɗinke.

Mutum bakwai ne a ƙarƙashinsa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne Kawu Haruna. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Mutumin Kumasi ne, Musulmi, ya girmi Baba da fiye da shekara goma. Lokacin da Baba ya zo karatu bai san kowa ba, Kawu ne ya ɗauke shi a tasi, ya ji sunan garinsu, ya gane shi ma mai jin Hausa ne, ya kashe mita ya kai shi gidansa. Baba ya yi sanyin shekarar gaba ɗaya yana kwana a falon Kawu, da kwat ɗin Kawu yake zuwa aji. Bayan shekaru, da bayan Kawu ya gaji da zaman tasi, Baba ne ya matsa masa ya zauna jarrabawar shiga aikin. Ya ci. Sai Allah ya sa aka jefa shi cikin mutanen Baba.

In Kawu ya zo gidanmu, Baba yakan miƙe ya karɓi kwat ɗinsa, ya bar masa kujerar da ke kusa da taga. “Yaya” yake ce masa. Kawu kuma ya ce, “Saje, zauna mana, kada laftanar ta ji labari ta ce na yi juyin mulki.” Mu yi ta dariya. Ba wanda ya ga wani abu a cikin wannan, ni ma ban gani ba.

Ƙa'idar aikin ita ce, kowace safiya kafin motocin fursunoni su fita, saje zai zaga kowace mota. Ya duba ankwa, ya ƙirga makullai, ya ja ƙofar baya da hannunsa ya tabbatar ta kama, sa'an nan ya sa hannu a takarda. Baba yana yi wa mutum shida haka ba ɗaga ƙafa. In ya zo kan motar Kawu sai ya gaishe shi, ya ce, “Yaya, komai daidai?” Kawu ya ce, “Daidai, Saje.” Sai ya sa hannu ya wuce. A wurinmu ba a bincikar babba. Yaya za ka ja ƙofar da mutumin da ya ba ka kwat ɗinsa ya ce maka ya rufe?

Wata safiya cikin tsananin sanyi, sakatar ƙofar ba ta kama ba. Da motar ta tsaya a danja kusa da kotu, wani fursuna ya tura ƙofa ya dira da ankwa a hannunsa. Kafin awa guda an same shi a bayan wani shagon wanki yana rawar ɗari. Ba wanda ya ji rauni. Amma kyaftin ya ce wa laftanar a kawo masa sunan mai laifi, laftanar kuma ta ce wa Baba ya rubuto rahoto kafin Litinin. Ga inda gizo yake saƙa: Kawu bai cika shekarar gwaji ba. Wanda ke cikin gwaji, in aka ɗora masa laifi irin wannan, kora ce kawai, ba ɗaukaka ƙara. Ga shekaru sun ja, ga mata da 'ya'ya huɗu.

Ranar Lahadin dattawan ƙungiyarmu ta masu jin Hausa a nan suka cika falonmu. Ni nake kai shayi, kuma ba wanda ke kula da yarinyar da ba ta magana, saboda haka na ji komai. Baba Audu, wanda ya fi kowa tsufa, ya ce abin mai sauƙi ne: su sa manyan riguna su tafi wurin sherif da kansa su ba shi haƙuri, kamar yadda ake yi a gida.

“Ai shi ma ɗan siyasa ne,” in ji shi. “Ƙuri'a yake nema.”

Baba ya ce, “Ƙuri'a nawa gare ka a gundumar, Baba Audu?”

“To, ni a wata gundumar nake. Amma ai bai sani ba.”

Aka yi dariya, har Kawu ya ɗan yi murmushi. Baba ya jira ta lafa, ya ce in suka tsallake laftanar da kyaftin, sherif zai karɓe su da fara'a, ya ba su kofi, sa'an nan ya mayar da maganar wurin mutanen da aka tsallake, su kuwa sun riga sun ji an raina su. Kawu ya ajiye kofinsa. Ya ce shi ya rufe ƙofa, shi ya tuƙa, a rubuta sunansa a huta, tasi ba ta gudu ba.

Baba ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba in Kawu na magana. Sa'an nan ya ce, “Yaya, a gidan nan abin da ka ce shi za a yi. Amma wannan takarda ta ofis ce, a ofis kuwa ni ne saje.”

Bayan sun watse ya ɗauko tafiretar Mama ya buga rahoton da yatsu biyu. Ya ɓata takarda ɗaya ya jefa a kwando, ni kuma na ɗauka. Tana wurina har yau. Da Turanci take, ma'anar layin farko ita ce: “Ban ja ƙofar ba. Na sa hannu cewa na ja.” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Rahoton ya hau matakala ɗaya-ɗaya, hukuncin ma haka ya sauko, bayan mako uku. Aka yi wa Kawu gargaɗi a rubuce, aka ƙara masa watannin gwaji, amma aikinsa ya tsira. Baba kuwa aka mayar da shi kofur. Ranar Lahadin da ta biyo, Mama ba ta fara da guga ba. Reza ta ɗauko, ta farke igiya uku daga hannayen riguna biyar, ta ɗinka masu biyu. Da na zo ratayewa sai na ga abin da ba wanda ya yi tsammani: a ƙarƙashin sababbin igiyoyin, inda ta ukun take a da, yadin ya fi sauran duhu, domin rana ba ta taɓa dukansa ba. Siffarta tana nan sak. Na nuna wa Baba da yatsa. Ya duba ya ce, “Bar shi, rana za ta gyara.”

Sabon sajen da aka kawo yaro ne a kan Baba. Baba yana ce masa “Saje” ba tare da ɗaure fuska ba. Laftanar kuma ta yi abin da ya ba mutane mamaki: ta sa aka damƙa wa Baba duban motocin safe, ta ce ba wanda zai ja ƙofa kamar wanda ƙofa ta taɓa ci. Kawu ya ba ni labari daga baya cewa tun daga ranar da motarsa Baba yake farawa. Sai ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi kwanan iyali ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya zaga ya ja ƙofar har sau biyu. Gaisuwar ba ta hana jan ba, jan bai rage gaisuwar ba.

Rana ba ta samu lokacin gyarawa ba. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, wata Asabar da hantsi, zuciyar Baba ta tsaya yana wanke mota. Saura mako shida ya sake zama jarrabawar saje.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonakin masarar da muke wucewa a hanyar coci duk sun zama gidaje. Kawu ya ce an kawo kwamfuta ofis, tafireta ta koma lungu, kuma laftanar ɗin nan ta zama kyaftin. Ina jin wannan zai faranta masa rai. Abin da ba zai so ba shi ne abin da ni na yi. Shekaru huɗu ina riƙe da Kawu a zuciya. In ya zo gaishe da Mama sai in durƙusa in gaishe shi a gurguje in shige ɗaki. A ganina shi ya ci igiyar babana. Mama ta lura. Ta ce mini babba juji ne, kuma Baba bai ɗauki laifin wani ba, nasa ya ɗauka: Kawu ya yi kuskuren ƙofa ɗaya, shi kuwa Baba ya yi wata da watanni yana sa hannu a kan abin da bai duba ba. Na daɗe ban yarda ba. Sai da na sake karanta takardar kwandon nan na ga babu sunan kowa a layin farko sai nasa.

Watan jiya Kawu ya zo da riga a cikin leda. Ya ci jarrabawar saje, a zama na uku. Ofis ya ba shi sababbin igiyoyi, amma ya roƙi Mama ko na Baba suna nan. Suna nan, cikin gwangwanin biskit da take tara maɓallai. Mama ta ce idonta ba ya ganin kafar allura yanzu, ta miƙo mini. Na zauna kusa da taga na ɗinka, yana shan shayi yana ba Mama labarin ciwon gwiwa.

Da na gama ya shiga ɗaki ya saka, ya fito ya ƙame a tsakiyar falo kamar a fareti.

“To, 'yar Saje, duba ni.”

Igiyoyin sun zauna daidai. Amma ya tsallake maɓalli ɗaya, rigar ta karkace daga ƙirji har wuya. Na gani tun yana fitowa. Na duba Mama, ta kawar da kai. Na ji kunyar nan ta taso mini, wadda ke ce maka wannan dattijo ne, yi shiru, ba komai ba ne. Na san ita ce ta tsayar da hannun Baba a bayan waccan mota.

Na ce, “Kawu, ka tsallake maɓalli.”

Ya duba ƙirjinsa, ya yi dariya har da riƙe kujera, sai kuma na ga yana share ido da bayan hannu. Ya ɓalle su duka ya sake sawa tun daga ƙasa, ɗaya-ɗaya. “Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba,” in ji shi. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Mama ta ce kada in tambaya.

Baba bai bar gida nasa ba, bai bar suna a jikin wani gini ba, kuma a takardun ofis kofur ya rasu. Abin da ya bari shi ne riga ɗaya da Mama ta ajiye, da mutumin da bai koma tasi ba, da 'ya'yan mutumin nan huɗu da babbar cikinsu ta shiga makarantar nas bana. Ban daina jin kunya ba, ba na jin zan daina. Amma yanzu na san akwai girmamawar da ke sa ka yi shiru, akwai kuma wadda ke sa ka duba wa mutum ƙofarsa.

Jiya na ɗauko rigar na kai ta taga. Duhun igiya ta uku yana nan, bai dushe ba. A da in na gan shi, gurbin abin da aka ƙwace nake gani. Yanzu na san inda igiyar take: tana hannun wani dattijo ɗan Kumasi da ke zaga motoci kowace safiya. Ya ce mini yana gaishe da kowane yaro cikin mutanensa bakwai da sunansa, sa'an nan ya ja ƙofar sau biyu. Na tambaye shi me ya sa sau biyu. Ya ce ɗaya nasa ne, ɗaya na Baba.