Zuwa Auyo Neman Fatar Wasa Askar Yayana

Laraba: Haɗeja zuwa Auyo

Na fita daga gida ƙarfe biyar da kwata na asuba, da askar yayana Idi a aljihu, naɗe a tsumma. Yaya Idi wanzami ne. Ya rasu wata biyu da suka wuce, bayan zazzaɓin kwana huɗu, ya bar matarsa Hansatu da ciki. Ranar Asabar ta haifi namiji, ta aiko mini cewa da askar uban yaron take so a yi askin suna, kuma da hannuna. Tare muka koyi wanzanci wurin mahaifinmu, amma ni shekara tara ke nan ina awon gyaɗa a Malam Madori, ban taɓa kan kowa ba.

Tun rasuwar ba wanda ya iya sauko da zabirarsa daga inda ya rataye ta. Da na buɗe, sai na tarar yoyon ɗaki ya ruɓar da fatar da yake wasa aska a kai. Dutse ke fito da kaifi, fata ke kwantar da shi, kan jariri kuwa ba ya jure aska mai kaushi. A kasuwarmu jar fatar akuya kawai na samu, mai rini. Yaya Idi kuwa a Auyo yake saye, wurin wani majemi, Baba Gambo.

Mil goma sha biyu ne, amma ruwa ya cika fadama. Ƙarfe takwas na iso mashiga, na shiga kwalekwalen Audu mai fito, taro zuwa ƙetare. Muka ratsa gonakin shinkafa, kawunanta kaɗai ke waje. A ƙetare malamin tsabta na tsaye da ɗan doka, suna duba lambar rigakafin agana. Na naɗe hannun riga, ya ga tabon, na wuce. Na sha furar kwabo a hanya, na shiga Auyo ana kiran azahar.

A majema

Na tarar da Baba Gambo yana dakan bagaruwa. Bai san ni ba. Na faɗi abin da nake nema, ya ce, "Mu ga askar tukuna." Ya juya ta a rana, sai ya yi dariya.

"Wannan ai ta Idi bahago ce. Dubi yadda bakinta ya cinye ta gefe guda. Ja'irin ya yi girman da zai aiko a saya masa? Ƙafarsa ta fi ƙarfin taɓon Auyo?"

Na ce, "Baba, ni ƙanensa ne. Allah ya yi masa rasuwa."

Ya ajiye taɓarya, ya zauna a bakin turmi. Da ya yi addu'a, na gaya masa zancen sunan, ya shiga rumfa ya jawo ƙiraga uku jemammu.

Na kai hannu wuyan na farko, don ya fi kauri. Ya ce, "Wuya duk ninki ne. Ciki kuma saki gare shi, zai miƙe ya lanƙwasa maka bakin aska. Gadon baya ake so, gefen tsatso. Rufe ido ka shafa, ɗana, ido ƙarya yake yi a kan fata."

Na rufe. A na farko na ji ƙurajen da cizon kaska ya bari. A na biyu na ji doguwar shaida, ya ce bulala ce, takarkari ne. A na uku hannuna ya wuce sumul. Ya ce na karsana ne, daga nan ya yanka mini faɗin yatsa uku, tsawon kamu ɗaya. Sisi ya karɓa.

Ya ce, "Sabuwar fata sai ta sha man shanu an murje ta kwana uku, kai kuwa kwana biyu gare ka. Askar kuma hannun hagu ta sani. Sai ka mai da ta dutse ka daidaita bakin, in ba haka ba za ta ci yaron."

A zaurensa na kwana. Aka kawo shinkafa da miyar kifi, na ci kaɗan.

Alhamis: komowa

Tun da rana ta fito nake kan dutsensa har ƙarfe tara, sannan na kama hanya ina murza fatar a tafe. Na iso mashiga sha biyu. Audu ya ga fatar a hannuna, ya ce, "Jiya ba ka ce kai wanzami ne ba. Riƙe taronka, ga kai nan."

Ya zauna a bakin kwalekwale, na jiƙa masa kai. Ja uku na yi, a na huɗu jini ya fito bayan kunne.

"Kai, Wanzam! Aski na ce, ban ce kaho ba. Ka bar mini kunnen, da shi nake jin masu kira daga ƙetare."

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, jinin nake kallo. Da ya ji jariri zan aske da ita jibi, ya daina wasa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙarasa. Gara ta ƙare a nawa." Ta sake yankarsa sau ɗaya kafin in gama.

Na iso gida bayan la'asar.

Jumma'a da Asabar

Ranar Jumma'a, ban da masallaci, ba inda na je. Na ɗaura fatar a turken zaure, mai, murza, wasa, har ta yi laushi ta yi duhu. Na gwada a damtsena, sannan na aske maƙwabta huɗu. Na farko ya ce ya ji ja, sauran ba su ce komai ba.

Asabar da hantsi, bayan an raɗa suna, gwaggonmu ta fito da yaron ta riƙe shi a ƙofar ɗaki. Na yi bisimilla. Gashin ya riƙa zubowa a ƙwarya, yaron ya yi atishawa sau ɗaya, bai farka ba. Da na goge aska, Hansatu ta yi magana daga bayan asabari.

"Ya yi jini?"

Na ce, "Bai yi ba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. A miƙo mini shi in gani."

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya, da Baba Gambo, da Audu mai fito da ya ba ni kansa. Wanda ya karanta wannan, ya sa yayana Idi a addu'a.