Ranar da Na Ƙi Kananzirin Gwamnati

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina karatu a jami'a a College Park, can ƙasar Turawa, muna zaune a wani ɗan gidan haya a Wheaton ni da matata. Lokacin ta haifi ɗanmu na fari, mahaifiyarta kuma ta zo daga Zariya don wankan jego. Ni kuwa a zamanin nan kaina cike yake da littattafan soyayyar nan na kasuwa da ƙanwata ke aiko mini. Gani nake nima irin jaruman cikinsu ne, waɗanda ba a taɓa ganin gazawarsu a gaban masoyiya ba.

Jego bai yi nisa ba sai wata guguwa ta taso daga teku, ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Itatuwa suka faɗo kan wayoyin lantarki, unguwa duk ta mutu. Murhunmu na lantarki ne. Gidajen mai ma suka rufe, don famfunansu ba sa aiki sai da wuta. Kun dai san abin da wankan jego yake nufi a wurin tsohuwa: ruwa mai zafi safe da yamma, ba fashi. Sai ga mai jego tana rawar sanyi cikin bargo, ba ruwan wanka, ba kunun kanwa.  Surukata kuwa, dama tun zuwanta maganarmu ba ta wuce gaisuwa, ni a durƙushe, ita tana kallon gefe.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata Baturiya ce daga ƙaramar hukuma, sanye da rigar ruwa, tana riƙe da galan na kananzir, a bayanta wani mutum da ɗan risho. Ta ce suna bin gidajen da wuta ta ɗauke, musamman masu jarirai da tsofaffi. Ta tambaya ko muna bukata.

Na ji idon surukata a bayana. Magidanci guda, ɗan jami'a, ya miƙa hannu ya karɓi sadaka a gaban uwar matarsa tun a tayin farko? Sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro. Na dafa ƙirji na ce, "A'a, mun gode ƙwarai, lafiya lau muke."

Na tsaya ina jiran ta ce haba, daure dai ka karɓa. Har na shirya yadda zan sake ƙi, sannan a na uku in karɓa ina sunkuyar da kai.

Sai ta yi murmushi ta ce, "Madalla, na ji daɗi!" Ta juya ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba.

Na rufe ƙofa a hankali. Matata ta leƙo daga cikin bargo ta ce, "Malam, me suka kawo?"

"Ba komai, gaisuwa ce kawai."

Surukata ba ta jin Turanci, amma ta san galan, ta kuma san risho. Ta ɗaga jaririn sama, ta dube shi, ta ce, "Maigidana, ka ji ko? A ƙasar nan da kananzir ake zuwa gaisuwa, a kuma koma da shi. Babanka ya fi ƙarfin na gwamnati. Sai mu jira ya dafa wa uwarka ruwa da numfashinsa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na zari silifa na fita. A matakala na ci karo da abokina, wani mutumin Jos da ke zaune a samanmu, rungume da nasa galan yana fito. Da na ba shi labari sai da ya ajiye galan don dariya.

"Kai Malam! A nan ba a tayi sau biyu. Ka ɗauka gidan gwaggonka ka je? Ruga, motarsu na filin makarantar firamare."

Na ruga cikin taɓo, silifa ɗaya ta tsinke a hanya. Na tarar da layi, na bi. Da na iso gaba, sai ga Baturiyar nan dai. Ta gane ni, ta ce da ƙarfi, ba da mugunta ba, "Ba kai ne ka ce lafiya lau kuke ba?"

Jama'a suka waiwayo. Na ce, "Ba lafiya muke ba. Matata ta haihu, tana jin sanyi." Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba.

Ta ce to me ya hana ni faɗa tun ɗazu?  Kananzir dai na samu, amma risho ya ƙare. Haka na dawo na hau sama wurin abokina aro, ya ba ni nasa yana share hawayen dariya, ya ce in dawo da shi kafin matarsa ta taso daga aikinta na asibiti.

A baranda surukata ta ɗora tukunya. Da tururi ya fara tashi, sai ta juyo, karo na farko ta yi mini magana kai tsaye: "Sannu, Malam. Je ka wanke ƙafarka."

Har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara tayar da zancen ba, ko a raha. Da ma ta riƙa tsokanata, da ya fi mini sauƙi. Kawaici abu ne mai kyau, ban daina ganin kyansa ba. Amma ranar nan na yi shi ne da ruwan wankan wata, ba nawa ba, kuma har gobe in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.