Lem Mai Cewa A Ruga da Ita

Lemuel Gaddis direban motar share ƙanƙara ne a garinmu na bakin tafki a Amurka, ni kuma abokin aikinsa tun muna da gashi a ka. Shi ke tuƙi, ni ke kula da gishirin da muke watsa wa titi don ƙanƙarar ta narke. Duk wanda ya zauna mota ɗaya da Lem ya sha wa'azi har ya gode Allah, wa'azin kuma ɗaya ne tal: ƙungiyar garinmu ta ƙwallon Amurka, irin wanda ake yi da hannu, ta daina jefa ƙwallo sama, a damƙa ta ga ƙato guda ya rungume, ya ruga, ya ratsa mutane da kafaɗa.

Ni kuwa ɗan jifa ne, ban taɓa ɓoyewa ba.

"Lem, kanka ya daskare tun zamanin kakanninmu," nakan ce masa. "Jifa ɗaya mai kyau ya ci yadi arba'in, kai kana can kana rarrafe uku-uku kamar kunkuru."

"Hosea, yi min shiru. A watan Disamba ka jefa ƙwallo a filin nan? Ai iskar tafki ce za ta zaɓi wanda zai cafe. Amma ka yi ta turo musu mutum tun farkon wasa, kafin a tashi da kansu za su riƙa ba shi hanya."

Kowace Litinin bayan wasa sai ya faka motar hukuma a gefen titi, ya buga waya gidan rediyo, shirin wasanni na Hal Brenko. Hal ya ce, "To jama'a, ga Lem na motar ƙanƙara, mu ji ko Ubangiji ya shirye shi." Lem ya gyara murya ya ce, "A ruga da ita, Hal." Ko an ci ko an sha kashi, maganar ke nan. Yara suka riƙa kwaikwayonsa a tashar bas, har wani ɗan kasuwa ya buga kalmomin a jikin riguna.

Ɗansa ɗaya ne, Marcellus, wanda ke ce min Kawu. A ɗan filin bayan gida Lem ya raine shi da ƙwallo a hammata, da doka guda biyu: in aka kayar da kai, ka riga wanda ya kayar da kai miƙewa, in koci ya tambaye ka, ka ce lafiyarka ƙalau. Kada wani ya ga laifin Lem a nan, haka iyayenmu suka koya mana duka. Odessa, uwar yaron, ita kaɗai ke mita. Takan je filin wasa ta zauna da tafin hannu a kan idanunta, tana tambayata, "Ya tashi? Hosea, ya tashi?" Ciwon daji ya ɗauke ta shekara biyu kafin abin da zan faɗa.

Marcellus ya shiga ƙungiyar ƙwararru ta garinmu, amma ta ƙaramar ƙofa. Shi ne na uku a layin masu gudu, yawanci benci yake ɗumamawa. A wannan shekarar biyun da ke gabansa suka ji rauni, mai jifanmu kuma ya koma jefa wa abokan hamayya. Koci ya rasa yadda zai yi, ya damƙa wa yaron ƙwallo. Wayyo, zo ka ga gari! Mako bayan mako muna ci. Filin wasa kaf ya ɗauki kalmomin Lem yana rerawa, ɗan Lem kuma ke gudun. Ni da bakina na ce masa, "Tsoho, ka yi gaskiya." Bai ko yi min dariya ba, hannuna kawai ya riƙe, idonsa ya kawo ruwa.

Ranar Lahadi kafin Ranar Godiya, bikin da dangi ke taruwa cin abinci, wani ƙato ya tare Marcellus, hular kwano ta haɗu da hular kwano. Daga can saman da muke zaune muka ji ƙarar. Yaron ya riga ƙaton miƙewa. Lem ya bugi ƙirji ya ce, "Ka gani? Jinina ne!" Likitocin ƙungiya suka shiga da shi ciki suka yi masa gwajin ƙwaƙwalwa, suka ce ya ci gwajin, ya dawo ya ƙarasa wasan.

Ranar Alhamis muka zauna cin abincin Godiya a gidan Lem, mu uku da ƙanwar Odessa. Marcellus ya yanka talotalo, ya zuba wa kowa, sannan ya ɗauki wani faranti ya cika shi da dankali da ganye, ya ajiye a gaban kujerar da babu kowa. Ya je gindin matakala ya ɗaga murya.

"Mama! Sauko mana, abinci na hucewa."

Babu wanda ya motsa. Ya juyo ya dube mu, ya dubi farantin, na ga lokacin da abin ya dawo masa. Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce sabo ne kawai. Ƙanwar Odessa ta tashi ta shige kicin tana kuka.

Bayan cin abinci uba da ɗa suka fita baranda, ni ina bakin ƙofa ina ji.

"Ta yaya ka ci gwajin nan?" in ji Lem.

"Baba, kowa na yi. A farkon shekara suna gwada ƙwaƙwalwarka tun kana lafiya, don su sami abin kwatantawa. Manyan 'yan wasa suka ce min in amsa a hankali, in yi kamar dolo. To ko yanzu kaina na juyawa, na fi wancan dolon."

"Ba za ka buga ranar Lahadi ba."

"Zan buga. In na zauna mako ɗaya wani ya hau kujerata, shi ke nan. Kai fa ka ce in koci ya tambaya in ce lafiyata ƙalau."

"Ni na faɗa. Yanzu kuma na ce a'a."

"Ka makara, Baba."

Washegari Juma'a muna kan aiki, ƙanƙara na zuba. Lem ya san ko ya je wurin likita a asirce, yaron zai musa, takardar gwaji kuma tana bayansa. Wuri ɗaya ne a duniya ake sauraron Lem Gaddis. Ya faka motar ya ciro waya. Na ce, "Lem, ka san abin da za ka yi kuwa? Yaron nan ba zai yafe maka ba." Ya ce ya sani.

"Lem ranar Juma'a?" in ji Hal a rediyo. "Lallai abin ya motsa. Faɗa mana, tsoho, me za a yi da ita?"

Lem ya yi tari. "Hal, ɗana jiya ya zuba wa uwarsa abinci, uwarsa kuwa tana kabari. Ya yaudari gwajin likita. Ni na koya masa ɓoye ciwo. Ina roƙon koci, don girman Allah, kada a ba shi ƙwallon nan."



Aka kawo likita daga waje, aka sake duba yaron, aka zaunar da shi. Ƙungiya ta koma jifa, muka sha kashi a sauran wasannin. Da kakar wasa ta ƙare suka sallame shi, babu kuma ƙungiyar da ta neme shi, tunda ƙasa duka ta ji. Mutanen garinmu fa, Allah ya shirye su! Waɗanda jiya ke sanye da rigar Lem su ne suka daina gaishe shi a shagon shan kofi. Wani ma ya tsare shi a coci ya ce ai da ya bari an gama kakar tukuna. Da ba a riƙe ni ba, da na manta a ɗakin ibada nake.

Marcellus ya ƙaura jihar Georgia, ya buɗe shagon taya, ya yi aure, ya haifi 'yan mata biyu. Bai sake taka gidan ubansa ba, ba ya ɗaukar wayarsa. Lem ya yi ritaya. Yana kallon wasa har yanzu a talabijin, amma da murya a kashe, kuma ban ƙara jin ra'ayinsa kan gudu ko jifa ba. Na sha tsokanarsa don in ji ya zage ni, ya ƙi. Wallahi na yi kewar faɗan nan.

Hunturun bara ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. Ni na buga wa Marcellus waya na ce ya zo ya ga ubansa. Da na koma asibiti Lem ya karanta amsar a fuskata.

"Me ya ce?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. "Ya ce ba zai zo ba. Ya maimaita min duk abin da ka faɗa a rediyo ran nan."

Lem ya ɗago kai daga matashi. "Duka? Bayan shekarun nan?"

"Kalma da kalma. Har tarin da ka yi kafin ka fara, da abin da Hal ya ce. Ya ce bai manta komai ba."

Ya mayar da kai, ya rufe ido, har na ɗauka barci ya yi.

"Bai manta komai ba," in ji shi. "To na gode wa Ubangiji, Hosea. Ƙwaƙwalwarsa na nan lafiya, abin da na roƙa ke nan."