Ɗakunan da Yaya Bitrus ya ƙi buɗewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bitrus, kuma har yau in na tuna shi, abin da ke fara zo mini shi ne faɗan da muka yi a waya, ina tsaye a barandar asibiti da kayan aiki a jikina. A taron tunawa kowa alheri yake faɗa. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, tun daga Kafanchan nake fama da taurin kansa, don haka ina da ikon in faɗi duka.

Ni nas ce, shi kuma injiniyan kwamfuta ne. A gidansa na Wheaton ya ƙirƙiri wata manhaja kyauta saboda ƙungiyoyinmu na nan yankin Washington: zumuntar mata, ƙungiyoyin gari na mutanen Kaduna da Filato, ɗalibai, daga baya har da direbobi 'yan Nijar. A ciki ake ajiye bayanan taro, sanarwar suna da biki da rasuwa, da roƙon addu'a. Manhajar ɗaya ce, rumbun bayanan ma ɗaya ne, amma a cikinsa kowace ƙungiya da nata sashe, shi kuma ya sa musu suna ɗakuna. Kowane ɗaki ya yi masa tasa fihirisa, wato jerin duk kalmomin da aka taɓa rubutawa a ciki da inda kowace take. In ka rubuta kalma a akwatin bincike, fihirisar ɗakinku kaɗai ake dubawa.

Abokan aikinsa sun sha gaya masa wahalar da kansa yake yi. Fihirisa ɗaya babba ta fi sauƙin kulawa, sai a manna wa kowane bayani alamar ƙungiyar da ke da shi. Shi kuwa cewa yake, ranar da aka manta alamar sau ɗaya, wani zai nemi sanarwar biki ya ci karo da roƙon addu'ar matar maƙwabcinsa. Saboda haka duk gyaran da zai yi, ɗaki ɗaki yake bi, ya sake gina fihirisar kowanne. Ranakun Asabar ɗinsa a haka suke ƙarewa, matarsa tana mita, shi yana murmushi kamar ba da shi ake ba.

Direbobin ne suka fi wuyar shigowa. Wasunsu takardunsu na zama a ƙasar ba su cika ba, kuma a ɗakin nasu ake rubuta wa ke neman lauya, wa ke kwana a gidan wa. Shugabansu, Alhaji Mamman, sai da ya sa Yaya ya tsaya gaban taronsu a Takoma Park ya yi alkawari cewa ko shi mai riƙe da mabuɗin kowane ɗaki ba zai leƙa nasu ba sai da izini.

Ranar da muka yi faɗan nan, an kawo wani mutum asibitinmu, an tsince shi a cikin motarsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Sunansa Isufu. Adireshin da ke katinsa tsoho ne, wayarsa a kulle, bakinsa ya karkace. Aka kira ni saboda an ji kamar Hausa yake ƙoƙarin yi. Abin da na iya tsinta daga bakinsa kalma ɗaya ce, Tahoua, sunan wani gari a Nijar. Likitoci suna da maganin da zai iya narkar da jinin da ya toshe, amma lokacinsa ƙanƙane ne, kuma sai sun san yaushe abin ya same shi da irin magungunan da yake sha. Ana bukatar wani nasa, maza maza.

Da yardar ma'aikaciyar da ke neman dangin marasa lafiya na kira Yaya. Na ce ya rubuta Isufu da Tahoua ya duba duk ɗakunan.

"Asabe, ba ni da ikon shiga ɗakin direbobi," in ji shi. "Bari in kira Alhaji."

"Yaya, mabuɗin yana hannunka. Ran mutum ake magana."

"Na ji ki. Bari in kira shi."

Alhaji yana kan hanya da fasinja, bai ɗauka ba. Mataimakinsa ma haka. Yaya ya yi ta kira, ni ina ta kiransa, kuma na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa babba. Bai rama ba, bai kuma buɗe ba. Ya ɗauki mota ya nufi shagon da direbobi ke cin abinci a Wheaton, yana tambaya tebur tebur. Kafin ya samu wanda ya san mutumin, Alhaji ya kira ya ba da izini. Bincike ɗaya ya fito da wata tsohuwar sanarwar suna mai ɗauke da sunan matar Isufu da lambar wanta a Fort Washington. Kafin ta iso asibiti, lokacin maganin ya wuce.

Isufu ya rayu. Yana tafiya da sanda, hannunsa na hagu bai dawo ba, tuƙi kuma ya ƙare masa. Likitan ya ce mini wataƙila ko da matar ta zo da wuri ba za su ba shi maganin ba, tunda ita ma ba ta san lokacin da abin ya fara ba. Wataƙila. Wannan kalmar ce ta zauna tsakanina da yayana watanni, muna gaisawa a coci sama sama, har matarsa ta gaji ta zaunar da mu a kan tuwo. Ban ce masa ya yi daidai ba, shi ma bai nema ba. Amma na ga yadda abin ya ci shi, ya rame.

Ba mai yawan magana ba ne, da aiki ya ba da amsa. Ya gina wata fihirisa ta daban wadda kowa ke iya dubawa, ya kira ta zaure. Ba abin da ke shiga zaure sai wanda mai shi ya yarda a fitar: suna, garin asali, da wanda za a kira in wani abu ya faru. Ya bi ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana bayani, wasu suka yarda nan take, wasu suka ja masa rai fiye da shekara. Ɗakunan suna nan a rufe yadda suke. Zaure bai daɗe da kankama ba ciwon hanta ya kwantar da Yaya, shi ne kuma ajalinsa.

Yanzu 'yarsa Rifkatu ce ke riƙe da manhajar. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba ni amsa, ni kuma ina ci gaba da Hausata, haka muke hirarmu. Zamani ya sauya. Akwai sababbin na'urori masu karance komai su ba ka amsa kamar mutum, kuma matasanmu sun matsa a haɗe ɗakunan a bar na'ura ta karanta. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce. Na san zai yi ɗoki, domin mutum ne mai son sabon abu, zai bar abinci ya huce yana gwaji. Na kuma san tambayar da zai yi kafin ya taɓa komai. Rifkatu ba ta jira na gaya mata ba. Ta sa na'urar a cikin kowane ɗaki ita kaɗai, ba ta ganin na kusa, kuma sai ƙungiyar da ta nema. Da na ga tana bin shugabanni da waya tana gaishe su da Hausarta mai gargada, sai na yi dariya har na share hawaye.

A taron tunawar bana, bayan an fito daga coci ana cin abinci, Isufu ya zo da matarsa. Duk shekara suna zuwa, suna jira a ɗakin taro sai an gama sujada. Ina zuba masa shayi na yi masa tambayar da na daɗe ina hadiyewa. Na ce, Malam Isufu, ba ka taɓa jin haushinsa ba?

Ya dubi hannun nasa, ya gyara shi a kan cinya da ɗaya hannun.

"Na ji, Malama, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Amma na yi tunani. Da ya buɗe ba izini, wallahi kashegari biro, wato shugabannin ƙungiyarmu, za ta zauna, mu kwashe sunayenmu duka. Wanda ciwo zai kayar bayana, ba wanda zai samo danginshi. Tun da aka yi zauren nan, mutum nawa aka kira iyalinsu kan lokaci? Ni na san wasu. Ɗaya ƙanen matata ne."

Sai na ƙara masa sukari.

Har gobe ban tabbata ni ce na yi kuskure a ranar ba. Da mabuɗin a hannuna yake, da na buɗe, kuma da na kwana da sanyin zuciya. Amma na auna abin da Yaya ya bari. Bai bar gida biyu ba, ba kuma a sa sunansa a jikin wani gini ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da ke tsoron rubuta sunansu a ko'ina cikin ƙasar nan suna rubuta shi a wuri guda da hannunsu, ba wanda ya tilasta su. A satin da ya wuce wata yarinya da ta iso daga Jos karatu ta zauna a kicin ɗina tana cike nata bayanin na zaure. Da ta zo gurbin wanda za a kira, ta tsaya, domin ba ta da kowa a nan. Na ce ta sa lambata.