Injin ɓarar gyaɗa daga tsohon keke

A garejin walda da na yi aiki a Matameye, maigidanmu Alhaji yana da wata al'ada. Duk ranar Alhamis bayan la'asar, kowa sai ya shiga tarin tsofaffin ƙarafan da ke bayan gareji ya ƙera abin da ransa ya raya masa. Ni na taɓa ƙera kujerar da ko jaki ya gani sai ya tausaya wa mai zama.

Wata rana ƙanen Alhaji ya kawo mai sayen ƙarfe, ya ce tarin nan wasan yara ne, a kwashe. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai mai baki, nan da Alhamis ka nuna mana amfaninsa, ko ya tafi."

Na jawo wani keke da ya girmi kakana, na haɗa fedarsa da rabin ganga da raga, na ce injin ɓarar gyaɗa ne. Gwajin farko ya watsa gyaɗa har, na rantse, an tsinci wata a garin Ɗan Barto, can bakin iyaka. Sai na yi masa murfi.

Ran Alhamis wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli ta zo daga Dawce da buhunta. Na hau ina ta tuƙi ba inda za ni, ƙwaya na zuba a kwarya. Ta ce, "Alhaji, da wannan zan koma, har da direban in babu mai so."

Mai sayen ƙarfe da ya dawo kwasa ranar ya juya da kamiyonsa na ɗaukar kaya wayam. Alhamis ta gaba na tarar da ƙanen Alhaji cikin tarin, yana neman fedar keke.